Karen Da Ya Iya Bin Sawu Bisa Kwalta

Duk manomin da aka taɓa kwance wa akuya ko rago da dare ya san inda bin sawu ya ke ƙarewa. Da asuba a tara maƙwabta, a ɗauki sawu tun daga turke, a bi ta cikin kunya, a ƙetare rafi, ga kofato ga takalmi, har a iso bakin titi. Nan kowa zai tsaya ya riƙe ƙugu, gama kwalta ba ta riƙe sawu. Sai a ce wa mai kaya Allah ya mayar da alheri, a watse. Ɓarayi kuwa sun daɗe da gane haka, ga shi kullum gari sai ƙara cin gonaki ya ke yi, inda dā burtali ne yau titi ne.

To, a ƙasar Amurka akwai waɗansu mutane da suka mai da wannan wuri da idon ɗan Adam ya ke gazawa ya zama filin jarraba karnukansu. Suna da wata babbar ƙungiya ta masu kiwon karnuka, a na kiranta AKC a taƙaice, an kafa ta tun 1884. Ita ce ke ba kare takardar shaida in ya ci jarrabawar bin sawu da hanci. Kowace jarrabawa da haruffanta, kuma a kan liƙa haruffan nan a jikin sunan kare cikin littafin rajista, kamar yadda mai ilmi ya ke jera nasa bayan sunansa. Da fari jarrabawar ta cikin saura ce da makiyaya. A 1995 suka ƙaro ta cikin gari mai wuya, mai haruffa VST, sa'an nan a 2014 suka sāke ƙaro wata mai ɗan sauƙi, TDU, domin masu fara koyo.

Ga yadda a ke yin mai sauƙin. Alƙalai biyu za su zo tun ana gobe su tsara hanya a wani wuri na cikin gari, kamar harabar makaranta ko ta ofisoshi. Ran jarrabawa sai wani mutum da karen bai saba da shi ba ya taka hanyar nan da ƙafa, tsawon yadi 400 zuwa 500, watau kamar a jera filin ƙwallo huɗu ko biyar. Zai yi kwana uku zuwa biyar, yana yar da 'yan abubuwan da suka taɓa jikinsa, irin su safar hannu ko ƙyalle. Akasarin hanyar ciyawa ce, amma dole kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari ya faɗa bisa kwalta ko siminti ko tsakuwa. A bar sawun ya huce daga minti 30 zuwa awa biyu, kāna a kawo kare bakin tutar da aka kafa, ya sansana abin da aka ajiye a nan, ya kama hanya. Mai shi yana biye da shi a baya, riƙe da igiya mai tsawon ƙafa 20 zuwa 40 wadda aka ɗaura a ɗamarar ƙirjin karen. Ba a yanka masa lokaci muddin yana aiki. Ba na ɗaya ba na biyu. Ko dai ya kai ga abin da aka yar a ƙarshen hanya, ko kuwa alƙali ya busa usur, shi ke nan an fāɗi.

Babbar kuwa, VST, tsawonta yadi 600 zuwa 800 ne, kuma sai sawu ya yi awa uku zuwa biyar kafin a saki kare. Aƙalla sulusin hanyar ba ciyawa, kuma lalle ne ɗaya daga cikin kwanonin ta kasance a tsakiyar dandamali, inda ba abin da zai taimaki kare sai hancinsa. Abubuwan da a ke yarwa huɗu ne: na fata, na roba, na ƙarfe, da na ƙyalle. Mutanen gari suna ta kai da kawowarsu bisa sawun, motoci suna wucewa, ba mai hana su. Karnukan da su ke cin wannan 'yan kaɗan ne ƙwarai. Wanda ya haɗa ta da ƙarama da kuma babbar jarrabawar daji, TDX, shi a ke naɗa wa sunan zakaran bin sawu.

Wani zai ce wannan ai wasan ƙoshi ne, mutanen da suka rasa abin yi su ke nema wa kare digiri. Maganarsa da ƙamshin gaskiya. Yawancin masu yi don sha'awa su ke yi, ba su da garke, ba a taɓa yi musu satar ko kaza ba. Har wa yau mutumin da ya taka hanyar ba gudu ya ke yi ba, ba kuwa zai hau babur a tsakiyar tafiya ba. Ɓarawon da ya kwance rago da ƙarfe biyun dare ya jefa shi a mota, ba takardar da za ta kamo shi. Kada kowa ya ɗauka kare mai haruffa uku a bayan sunansa ya zama ɗan sanda.

Amma duk da haka akwai abin da manomi da maharbi za su tsinta a nan, ya kuwa fi takardar daraja.

Na farko, jarrabawar gari ta tona wani abu da masu karnuka da yawa ba su sani ba. In mutum ya ratsa gona, abu biyu ya ke bari. Akwai warin jikinsa, na gumi da ɗan ɓurɓushin fata da ke zuba daga gare shi kullum ba ya sani. Akwai kuma warin ƙasar da ya tāka da ciyawar da ya murƙushe, wannan kuwa ya fi ƙarfi. Kare ba wawa ba ne, mai sauƙin ya kan ɗauka. Wani Bajamushe mai horon karnukan 'yan sanda, Konrad Most, ya gwada wannan tun kafin yaƙin duniya na biyu. Ya ƙera wata ƙafar keke babba, ya jera mata takalman da ba wanda ya taɓa sawa, aka gangara ta daga inda sawun mutum ya tsaya. Karnukan suka bar mutum suka bi keke, hankalinsu kwance. Da aka ɗauki mutum a kujerar da ke rataye jikin waya, ya wuce bisa fili ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, sai suka rasa inda ya bi. Watau karnukan nan da a ke taƙama da su ciyawa su ke bi, ba mutum ba. Bisa kwalta kuwa ba ciyawar da za a murƙushe. Karen da ya yi kwana daidai a tsakiyar dandamalin siminti, bayan awa uku da wucewar mutum, ya nuna lalle mutumin ya ke bi.

Hancin kuwa Allah ya riga ya ba shi. Ƙwayoyin jin wari a hancin ɗan Adam ba su wuce miliyan biyar ko shida ba, na kare kuwa su kan haura miliyan 200. A 2005 waɗansu masana biyu na jami'ar Queen's ta Belfast, Hepper da Wells, suka nuna horarren kare ya kan gane gabas mutum ya nufa ko yamma daga taku biyar kacal. Abin da ya rage shi ne horo, horon nan kuwa ba na kuɗi ba ne, na haƙuri ne. Masu yi su kan fara da 'yar gajeriyar hanya miƙaƙƙiya, a sa ɗan nama a kowane taku, kullum a na ƙara tsawo a na rage nama, har a shigo da kwana, sa'an nan a fara ƙetare titi. Waɗansu su kan yayyafa ruwa bisa kwalta da fari, don danshi ya kan riƙe wari. A hankali mai kare shi ma zai koyi nasa karatun: wari ba ya zama inda aka tāka sosai, iska ta kan kwashe shi ta tara a gindin bango, da bakin lambatu, da tsagar siminti, da inuwa. Rana in ta gasa kwalta sai ya tashi sama. Abin ya kan ci watanni, babbar jarrabawar ma shekaru. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, shi ne ya fi muhimmanci. A jarrabawar nan mai kare bai san hanyar ba, kuma in alƙalai suka ga yana jan igiya ko yana karkata jiki don ya nuna wa kare inda zai bi, sun kayar da shi nan take. Wannan doka ba don ƙeta aka yi ta ba. Kare dabba ce mai karanta ubangijinta fiye da yadda ɗa ya ke karanta fuskar uwarsa. A 2011 a jami'ar Kalifoniya ta Davis aka tara karnuka 18 masu neman ƙwaya da nakiya, kowanne da mai riƙe da shi. Aka gaya wa mutanen an ɓoye abu, har an sa jar takarda a waɗansu wuraren. Alhali ba a ɓoye ƙwaya ko nakiya ba. Karnukan suka nuna sun sami abu fiye da sau 200, kuma sun fi nunawa a inda jar takardar ta ke, watau inda masu su suka riga suka sa rai. Zaton mutum ne ya bi igiya ya sauka a kan kare.

Mai karatu ya auna wannan da halin ƙauye. An yi sata, ran kowa a ɓace, kuma tun kafin a fita an riga an yi raɗa cewa wane ne, ko kuwa baƙin can na bayan gari ne. In aka saki kare a hannun mutumin da zuciyarsa ta riga ta yanke hukunci, ba abin mamaki ba ne karen ya tsaya a ƙofar da a ke so ya tsaya. Daga nan sai duka, ko ƙone rumbu, ko gabar da za ta kai jikoki. Zato zunubi ne, ko da ya biyo ta hancin kare. Iyakar aikin kare ya kai mutane ga akuyar ko ga fatarta. In ba a ga ko ɗaya ba, tsayawarsa a ƙofar wani ba shaida ba ce, ba kuwa alƙalin kirki da zai ɗaure mutum a kanta. Saboda haka karen da ba a taɓa jarraba shi a hanyar da mai shi bai sani ba, bai kamata a kai shi wurin bin ɓarawo ba sam.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar karnukan aiki ba ce. 'Yan farauta suna da su, makiyaya suna da su, masu gadin gona suna da su, addini kuma ya yarda da ajiye kare domin waɗannan ayyuka uku. Zancen abin da horarriyar dabba ta kamo ma yana cikin Suratul Ma'ida. Abin da babu shi ne ma'auni. A kan sayi kare da tsada saboda kirarin da mai shi ya yi masa a dandali, ko saboda uwarsa ta taɓa kā da gada. Manomin da ba zai sayi garma ba sai ya ga ta kafta, ba zai karɓi iri ba sai ya ga gonar da aka shuka shi, shi ne zai ba da kuɗin buhun gero a kan kare don ya ji labari. Gani ya kori ji. A nan mutanen Amurka sun yi dabara, gama sun rubuta abin da kare zai yi, sun sa baƙo ya taka hanya, sun sa mutum biyu su duba, sun kuma rubuta sakamako inda kowa zai gani. Mai kiwo in zai haɗa karnuka don 'ya'ya, ya san abin da uba ya yi da abin da uwa ta yi.

Ba sai an jira wata ƙungiya daga ƙetare ba. Sarkin baka ko shugaban 'yan farauta na kowace gunduma yana iya shirya irin wannan da rani, bayan an kau da amfanin gona. Dattawa biyu da aka yarda da su su tsara hanya a asirce, ta faro daga saura, ta ƙetare titi, ta ratsa filin makaranta ko kasuwa ranar da ba ta ci. Baƙo daga wani ƙauye ya taka ta ya yar da hularsa a ƙarshe. A jira awa guda. Malamin makaranta ya rubuta sunan kare da na mai shi da tsawon hanyar da abin da ya faru, na wanda ya ci da na wanda ya fāɗi duka. Shekara uku in aka yi a na haka, gunduma za ta san karnuka nawa gare ta da za a iya kira ran da yaro ya ɓace a hanyar kai abinci gona, ko tsoho mai ruɗewa ya fita da dare bai komo ba. A irin wannan ranar ne aikin ya fi amfani, domin yaro da tsoho a ƙasa su ke tafiya, ba su ɓad da sawu, rigarsu kuma tana gida da za a ba kare ya sansana.

Sai dai a kiyaye abu biyu. Duk karen da za a shiga da shi cikin jama'a, a fara kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar haukan kare. Sa'an nan kwaltar Kano ko ta Maraɗi a watan Afrilu ba irin ta Amurka ba ce, tana iya sāɓule tafin kare cikin 'yan mintoci. A yi aikin da sassafe, tun da sauran raɓa. Mai kare ya ɗora bayan hannunsa bisa kwalta tukuna. In shi bai iya jurewa ba, a ɗaga sai gobe.