Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

'Yan'uwa iyaye, kowace shekara idan makarantu suka fara ɗaukar ɗalibai, kuka iri ɗaya muke ji a gidajenmu: yaro ya sami gurbi a jami'ar Zariya ko ta Jos, amma babu kuɗin da za a biya. Talauci gaskiya ne, ba mai musu. Sai dai akwai wani abin da ke raba 'ya'yanmu da taimakon da ake bayarwa, wanda mu da kanmu muke jawowa, wato rikicin suna a takardu.

Taimakon dai yana nan. Jihohinmu suna da hukumomin ba da tallafin karatu ga 'yan asalinsu. A watan Mayu na shekarar 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun NELFUND domin ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, an kuma fara shi da ba ɗalibi Naira 20,000 kowane wata don ɗawainiya. Wannan bashi ne marar ruwa, ba kyauta ba, kuma ana soma biyansa shekara 2 bayan gama bautar ƙasa. Mai nema zai kawo lambar JAMB, da lambar ɗan ƙasa ta NIN, da lambar banki ta BVN.

To, a nan gizo yake saƙa. Mu mutane ne masu suna da yawa. Yaro Bulus ne a gida, Paul a takardar WAEC. Yarinya Rifkatu ce a takardar baftisma, Rebecca a banki. Sunan uba kuwa yau Dauda, gobe David, wani wuri ma sunan kaka aka sa. A dā malamin ofis yakan dubi fuskar yaro ya gane mutum ɗaya ne. Yanzu kwamfuta ce ke tantancewa, ita kuwa ba ta san Bulus shi ne Paul ba. Da ta ga bambanci sai ta tsayar da neman, kafin a gyara an rufe karɓa.

Wani zai ce ai ana gyarawa. Haka ne, amma gyaran yakan bukaci rantsuwa a kotu, da kuɗin mota, da jira mai tsawo. Ɗalibin da aka ba 'yan makonni ya biya kuɗin rajista ba shi da wannan lokaci.

Saboda haka, tun yaro yana aji huɗu na sakandare, kafin a yi masa rajistar WAEC, a shimfiɗa tabarma a baje takardunsa: ta haihuwa, ta firamare, ta NIN, da ta shaidar ƙaramar hukuma. A tsai da suna ɗaya, rubutu ɗaya, jeri ɗaya, da ranar haihuwa ɗaya. Iyayen da ba su yi boko ba su nemi malamin makaranta ko sakataren ikilisiya ya duba musu. A kuma kiyayi masu cewa a ba su kuɗi su samo wa yaro tallafi, gama neman NELFUND kyauta ne.

Yarinyar da ta kwana tana karatu da fitilar kwai ta yi nata. Kada harafi ɗaya da muka ƙyale ya mayar da ita gida.