Me Ya Riƙe Su? Bangaskiyar Kirista a Ranar Musiba



A daren 14 ga Afrilun 2014 mayaƙan Boko Haram suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Chibok suka kwashe ɗalibai 276. Wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne mafi yawan yaran nan 'ya'yan coci ɗaya ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ake kira EYN a taƙaice. Bayan wata shida, ranar 29 ga Oktoba, aka kai hari hedikwatar cocin da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni da ɗaliban makarantar tauhidi suka bazama daji, daga baya aka mayar da ofisoshin Jos na ɗan lokaci. An ƙona majami'unsu masu yawa a kudancin Borno da arewacin Adamawa, mabiyansu dubbai ɗaruruwa suka zama 'yan gudun hijira, wasu a Yola, wasu a Jos da Abuja, wasu har Kamaru.

Wanda ya ga wannan a lokacin zai rantse cocin ta mutu. Sai ga shi ba ta mutu ba. Sun koma Kwarhi, sun sake gina abin da aka rushe, kuma har yau ba a ji sun kafa rundunar ɗaukar fansa ba. Me ya riƙe su?

Ra'ayina shi ne, amfanin bangaskiyar Kirista a ranar bala'i ana ganinsa a abubuwa uku da take miƙa wa wanda aka yi wa rashi: bakin da zai yi kuka da shi, mutanen da za su zauna da shi, da hanyar sauke kayan gaba daga kansa. Ba sai mutum ya zama Kirista ba kafin ya ga haka, kamar yadda ba sai ka zama manomi ba kafin ka gane damina ta yi kyau.

Mu fara da kuka. A al'adarmu da zarar an yi rashi kalmar farko ita ce "sai haƙuri". Kalma ce mai kyau, amma sau da yawa mukan yi amfani da ita mu toshe bakin mai kuka, musamman namiji. Wanda ya buɗe Littafi Mai Tsarki zai yi mamakin yawan kukan da ke cikinsa. Akwai littafi guda sukutum mai suna Makoki, babi biyar, duk a kan rushewar Urushalima da yunwa da kisan da suka biyo baya. A cikin Zabura 150 akwai da dama da mai addu'a ke tambayar Allah har yaushe, yana faɗin cewa an yashe shi. Zabura ta 88 ma tana ƙarewa cikin duhu, babu wani daɗin baki a ƙarshenta. A Linjilar Yohanna babi na 11, Yesu da kansa ya zubar da hawaye a bakin kabarin abokinsa Li'azaru. A aƙidar Kirista kuwa, tsakiyar labarin gaba ɗaya shi ne Yesu ya sha azaba, an yi masa shari'ar zalunci, an gicciye shi, sannan ya tashi.

Ka yi tunanin abin da wannan ke yi wa uwar da aka sace 'yarta. Ba ta buƙatar ta ɓoye ɓacin ranta don kada a ce imaninta ya yi rauni, tunda littafin da take karantawa ya riga ta yin irin wannan ƙorafi. Ba ta ganin wahalarta a matsayin alamar Allah ya juya mata baya, tunda wanda take bi ya bi ta wannan hanya. Kuma tana samun wannan duka a harshen da take ji, domin tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma Hausa ce harshen sujada a majami'u da yawa na Arewa, har a wurin Margi da Bura da Kibaku da Higgi waɗanda ke da nasu harsunan. Ciwon da aka samu kalmar faɗinsa ya fi sauƙin ɗauka a kan wanda ya maƙale a ƙirji.

Na biyu, mutane. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Duk wanda ya zauna kusa da Kiristocin Arewa ya san Zumuntar Mata, matan nan masu anko da ke kiɗa tulu da caki a coci. Waƙa ɗaya ce kawai daga cikin ayyukansu. Su ne ke zuwa gidan makoki da itace da hatsi, su dafa, su kwana, su dawo bayan mako, su sake dawowa bayan wata lokacin da 'yan gaisuwa suka watse gida ya yi tsit, wanda shi ne lokacin da rashi ya fi cizo. Da aka tarwatsa garuruwa a 2014, wannan tsari ne ya bi mutane zuwa gudun hijira. Wanda ya sauka a garin da bai san kowa ba, ya san ranar Lahadi akwai inda zai je a tambaye shi sunansa da garinsu, a nema masa tabarma.

Wannan zumunci bai tsaya a ƙofar coci ba. Dakta Rebecca Dali, 'yar wannan ekklesiya, ta kafa ƙungiyar da ke tallafa wa zawarawa da marayu da matan da suka kuɓuto daga hannun Boko Haram, Musulmi da Kirista, har aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a 2017. A Gurku ta jihar Nasarawa, Markus Gamache, shi ma ɗan EYN, ya jagoranci kafa matsugunin da 'yan gudun hijira Musulmi da Kirista ke zaune tare. Mutanen da aka ƙona wa gida su ne suka koma gina wa wasu.

Masu bincike ma sun lura da wannan ƙarfi na jama'a. A 2016 masana a Jami'ar Harvard ta Amurka suka fitar da sakamakon bin diddigin mata ma'aikatan jinya kusan 90,000 na tsawon shekaru, mafi yawansu Kiristoci. Sun gano cewa waɗanda ke zuwa sujada aƙalla sau ɗaya a mako, yawan kashe kai a cikinsu ya yi ƙasa da na waɗanda ba sa zuwa da kusan ninki biyar. A lura, abin da aka auna shi ne zuwa cikin jama'a a yi ibada tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka zuciya ɗaya ba ta ɗaukar babban rashi.

Na uku shi ne mafi wuya, wato gafara. Asalin EYN daga Cocin 'Yan'uwa ne, wadda aka kafa a Jamus a 1708, tana cikin coci-cocin da tun farko suka ƙi yarda da yaƙi. 'Yan mishan ɗinta biyu, Stover Kulp da Albert Helser, su suka yi sujadar farko a ƙarƙashin wata tsamiya a Garkida a 1923. Shekara casa'in ana koya wa mutane kada su rama mugunta da mugunta, sannan aka zo ranar jarrabawa. Faɗin wannan koyarwa a kan mumbari ranar zaman lafiya abu ne mai sauƙi. Riƙe ta bayan ka binne ɗanka wani abu ne dabam.

A farkon Janairun 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika. A bidiyon da masu garkuwa da shi suka fitar, an gan shi cikin natsuwa yana nuna cewa bai karaya ba domin komai a hannun Allah yake, yana roƙon a kula da iyalinsa. Kafin watan ya ƙare suka kashe shi. Bangaskiyarsa ba ta hana wuƙa ba. Abin da ta hana shi ne su mallaki zuciyarsa kafin su ɗauki ransa.

Kada a ɗauka gafara abu ne na dare ɗaya. Fasto James Wuye na Kaduna ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, lokacin yana jagorantar matasa masu faɗa. Imam Muhammad Ashafa, wanda ke ɗaya ɓangaren, ya rasa malaminsa da 'yan uwansa. Sun haɗu a 1995, daga baya suka kafa cibiyar sasanci da ta yi aiki a wurare irin su Yelwan Shendam. Wuye ya sha faɗa cewa ko bayan sun fara aiki tare, an ɗauki shekaru kafin ƙiyayyar ta bar zuciyarsa. Wanda ya fara cin ribar gafara shi ne mai yin ta, domin riƙo kamar garwashi ne a tafin hannu, kafin ka jefi wani ya riga ya ƙona ka.

To, akwai masu ja, kuma maganarsu na da nauyi. Wani zai ce ai addini ne ya jawo bala'in tun farko, yaya za a yaba masa don ya kawo magani? Amsata ita ce, wanda ya ƙona coci a Michika shi ne ya tayar da bam a babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwamban 2014. Matsalar tana wurin masu mayar da addini makami. A Yunin 2018, a ƙauyen Nghar Yelwa da ke Barikin Ladi, Imam Abubakar Abdullahi ya ɓoye ɗaruruwan Kiristoci a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. Shi ma imaninsa ne ya tsayar da shi a wurin. Wuta ɗaya ce ke dafa tuwo take kuma cinye rumbu.

Ja na biyu ya fi damuna: cewa bangaskiya na iya zama maganin barci, ta sa wanda aka zalunta ya yi shiru. Wannan yana faruwa. Akwai masu wa'azin da ke ce wa mai ciwo rashin bangaskiyarsa ne ya hana shi warkewa, ko zunubinsa ne ya jawo masa. Akwai masu karɓar kuɗin gwauruwa da alkawarin mu'ujiza. Masanin halayyar ɗan Adam Kenneth Pargament ya daɗe yana nuna cewa jingina da addini iri biyu ne. Wanda ke ganin Allah na tare da shi a cikin wahala yakan samu sauƙi, wanda kuwa aka cusa masa cewa Allah na hukunta shi ne ko ya yashe shi, damuwarsa ƙaruwa take yi. Littafin Ayuba ma ya riga ya yi wannan gargaɗi. Abokansa uku sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, a nan suka yi daidai. Da suka buɗe baki suka fara neman laifin da ya yi, a nan suka ɓata, kuma a ƙarshen littafin su aka tsawata wa.

Saboda haka dole a faɗi iyakar abin. Addu'a ba ta maye gurbin likita. Wanda ya ga an yanka mahaifinsa, ba ya barci, yana firgita da ƙarar babur, yana buƙatar fasto kuma yana buƙatar asibitin ƙwaƙwalwa irin na tarayya da ke Maiduguri. EYN da kanta ta gane haka, shi ya sa ta riƙa shirya tarukan warkar da raunin zuciya ga mutanenta. Haka nan gafara ba ta soke adalci. An sako 'yan matan Chibok 21 a Oktoban 2016, aka sako 82 a Mayun 2017, amma har yau akwai waɗanda ba su dawo ba. Leah Sharibu, wadda aka sace a Dapchi a Fabrairun 2018, an sako abokanta aka riƙe ta, bisa rahoton cewa ta ƙi barin addininta. Iyayen nan na iya yafe wa waɗanda suka cuce su, amma wannan bai sauke wa hukuma nauyin nemo 'ya'yansu ba. Duk shugaban da ya ga haƙurin mutane ya mayar da shi dalilin yin sakaci, ya ci amanar haƙurin.

Abin da nake so mu ɗauka a nan ƙarami ne amma yana da amfani. Yawancinmu muna da maƙwabci ko abokin karatu ko abokin kasuwa Kirista, kuma ranar rashi ba ta sallama. Idan ta zo masa, ka je. Kada ka tsaya tunanin me za ka ce, zaman shi ne gaisuwar. Idan ka tarar suna waƙa a gidan makoki kada ka ɗauka rashin bai dame su ba, da waƙar suke kuka, da ita kuma suke tuna wa juna begen tashin matattu da suka yi imani da shi. Kada ka nemo masa dalilin abin da ya same shi. Ka koma bayan wata guda, lokacin da kowa ya daina zuwa.

Allah ya dawo da waɗanda ke hannu, ya sanyaya zukatan iyayensu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai na ji ra'ayoyinku.