Kamfanoninmu su koyi ajiyar iri daga manomi

Ana gab da faɗuwar damina na leƙa ofishin wani abokina da ke da kamfanin sayar da taki da iri a nan Malumfashi. Na tarar da shi ya yi tagumi a gaban kwamfuta. Wani yaronsa ne ya buɗe saƙon imel mai kama da takardar odar kaya, kafin la'asar duk bayanan kamfanin sun kulle: sunayen manoman da suka karɓi taki bashi, abin da kowa ya biya, da abin da ya rage. A fuskar kwamfutar ga saƙo ana neman kuɗin fansa. Mu mutanen wannan yanki mun san ɗacin wannan kalma, sai dai ban taɓa zaton za ta biyo mu ta waya har cikin ofis ba.

Na ce masa, «Alhaji, ina kwafin da kuka ajiye?» Ya ce akwai, amma yana cikin wannan kwamfutar. Nan na gane inda gizo ke saƙar.

Mai karatu, ko manyan kamfanonin duniya sun sha irin wannan. A watan Yunin 2017 wata muguwar manhaja mai suna NotPetya ta ɓulla daga Yukiren, ta shiga na'urorin Maersk, kamfanin jiragen ruwa na ƙasar Denmak. Ta lalata dubban kwamfutoci, har da manyan na'urorin da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izinin shigar kowa, domin duk a haɗe suke da juna. Guda ɗaya ce ta tsira, a wani ofishinsu na Afirka, saboda wutar lantarki ta ɗauke kafin harin ya iso. Ta Nijeriya aka bi da abin da ke cikinta zuwa Ingila, da shi aka sake tayar da kamfanin. Duk da haka asararsu ta kusa dala miliyan 300. Abin da ya cece su shi ne na'urar da ba ta haɗe da sauran.

Wannan hikima tsohuwa ce a wurin manomin Bakori ko Ƙafur. Ba ya zuba irin baɗi a rumbun da ake ɗiba kullum. Yakan ware shi, don ko gobara ko gara ta ci rumbu, damina ba za ta same shi hannu rabbana ba. Haka ya kamata masu injinan gurzar auduga, da dillalan hatsi na Funtuwa, da makarantu da asibitocin kuɗi su yi da bayanansu. A riƙa kwafe su kowane mako a ma'ajiyar da za a cire daga kwamfuta, a kai ta wani gini dabam, a kuma riƙa gwada ta don a tabbata tana buɗewa.

Sauran matakan ma ba su da tsada. Kowane ma'aikaci ya riƙe kalmar sirrinsa, a soke ta ranar da ya bar aiki. A sabunta manhaja idan masu ita sun fito da gyara. A hana cusa kowane filashi a kwamfutar ofis. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bayanan nan kuma amanar jama'a ce, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai tara su alhakin tsare su. Abokina dai ya ƙi biyan fansa, ya koma bin ƙauyuka yana tambayar manoma nawa ake bin su. Da yawa sun faɗi gaskiya, Allah Ya saka musu. Amma mai kamfani ya yi nasa tanadin kafin ya jingina da gaskiyar mutane.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.