Buhun Shinkafa a Duniyar Wata

Kowace shekara nakan tambayi sababbin ɗalibaina: buhun shinkafa mai kilo 50, in an kai shi duniyar wata, kilo nawa zai zama? Galibinsu sukan ce zai ragu. Ba na ganin laifinsu, domin da kalma guda, "nauyi", muke kiran abubuwa biyu mabambanta.

Na farko shi ne yawan abin da ke cikin buhun, wanda ake aunawa da kilo. Wannan ba ya sauyawa duk inda aka kai shi. Na biyu shi ne ƙarfin da ƙasa ke janyo buhun da shi, wanda ake aunawa da niyuton. A nan duniya, buhun ya kai kimanin niyuton 490. A wata, inda janyowar take kusan kashi ɗaya cikin shida na tamu, zai koma kimanin 81. Yaro ma zai iya ɗaga shi, alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta ɓace ba, kuma bakunan da zai ciyar ba su ragu ba.

Ni dai a aji ina kiran na farko "yawa", na biyu "nauyi". Ya kamata malaman kimiyya da masana harshe su zauna su tsayar da kalmomi biyu. In ba haka ba, 'ya'yanmu za su ci gaba da haddace lissafin ba tare da sun fahimci abin da suke aunawa ba.