Idan Aiki Ya Ci Hannun Ɗanki, Wa Za a Tuhuma?

Yau maganar ta shafi duk wadda take sallamar miji ko ɗa ko 'ya da safe zuwa masana'anta, ta wuni tana addu'ar su dawo lafiya. Idan inji ya guntule yatsun yaro, mukan ce ƙaddara ce, a ba shi kuɗin magani, shi ke nan. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta wanke mai sakaci.

Ku tuna da ginin Rana Plaza a Bangladesh. Bene ne mai hawa 8, cike da masana'antun ɗinki. Ranar 23 ga Afrilu, 2013 aka ga bangonsa ya tsattsage. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, amma masu ɗinki aka ce su koma bakin aiki washegari, har da barazanar hana su albashi. Da safiyar 24 ga watan ginin ya rufta. Mutum 1,134 suka rasu, kusan 2,500 suka ji rauni, akasarinsu mata, da yawa masu ƙananan yara a gida.

Wani ne ya zauna ya yanke cewa a ci gaba da aiki. An kama mai ginin, Sohel Rana, kwana 4 bayan haka yana shirin tsallakawa Indiya, aka tuhume shi da wasu masu masana'antun da laifin kisa. Sai dai an haura shekara 10 shari'ar ba ta ƙare ba.

Abin da ke sa irin wannan shari'a wuya shi ne, a ido na doka kamfani mutum ne mai zaman kansa. Ana iya cin sa tara, amma ba a kai shi gidan yari. Daraktoci sai su laɓe a bayansa, a biya tara daga asusun kamfani, su koma gida su yi barci. Shi ya sa Birtaniya ta sa wani sashe a dokarta ta lafiyar ma'aikata ta 1974: idan laifin ya faru da yardar darakta, ko ya gani ya kau da kai, ko saboda sakacinsa, shi kansa za a gurfanar, kuma ɗaurin yana iya kai shekara 2. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Kada ki ce abin na nesa ne. A watan Yuni na 2020 'yan sanda a Kano suka kuɓutar da ma'aikata sama da 100 da aka kulle a wani kamfanin shinkafa tun lokacin kullen korona. 'Ya'yan wasu ne, mazan wasu ne.

A Najeriya akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010. Ta wajabta wa mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun hukumar NSITF, kuma ba a yarda ya cire kuɗin daga albashinsu ba. Daga asusun ake biyan wanda ya ji rauni, ko iyalan wanda ya rasu. Ma'aikaci ko danginsa su sanar da kamfani cikin kwana 14, kamfani ya sanar da hukumar cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara 1. Idan aka taka haƙƙi, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

To uwargida, ga naki aikin. Yau da dare ki tambayi ɗanki: an ba shi takardar ɗaukar aiki? Ana ba su safar hannu da takalmi da hular kwano? Ana kulle ƙofa idan suna aikin dare? Ya san sunan mai kamfanin, ko ɗan kwangilar da ya kawo shi kaɗai ya sani? Idan tsautsayi ya faɗa, a ɗauki hoton raunin da wurin, a adana takardun asibiti da lambobin waɗanda suka shaida. Kada a sa hannu a wata takarda don an miƙo ambulan, sai wanda ya san doka ya karanta.

Na san fargabar: idan ya yi magana za a kore shi, ga tsadar rayuwa. Amma aiki ana samun wani, hannu kuwa ba ya tsirowa. Wadda ta taɓa bin diyyar wani nata, ta faɗa mana yadda ta kaya, wata za ta ƙaru. Allah Ya tsare mana masu fita nema, Ya dawo mana da su lafiya. Sai mako mai zuwa.