A Tsige Shi! A Tsige Shi! To, Da Ƙuri'u Nawa?

Jama'a, duk lokacin da shugaban ƙasa ya tsallake iyakar da tsarin mulki ya shata masa, abu na farko da ke cika shafukanmu shi ne kiran a tsige shi. Wani sanata ko ɗan majalisar wakilai ya kira 'yan jarida ya ba da wa'adi, mu kuma mu yi ta yaɗawa muna kirari. Bayan sati biyu ka nemi maganar ka rasa. Shugaban na nan daram, abin da ya yi ya zauna, shi kuma mai barazanar watakila an ba shi shugabancin wani kwamiti ya yi gum.

Tun 1999 ake wannan wasan. Ina ganin lokaci ya yi da mu magoya baya za mu zauna mu yi lissafi, domin tusa ba ta hura wuta.

Mu fara da abin da doka ta ce. Sashe na 143 na tsarin mulkin 1999 shi ya shimfiɗa hanyar tsige shugaban ƙasa. Majalisar Tarayya tana da sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360, jimilla 469. Kafin ma a miƙa takardar zargi ga Shugaban Majalisar Dattawa, sai kashi ɗaya bisa uku sun sa hannu, wato mutum 157. Daga nan kowace majalisa za ta kaɗa ƙuri'a a kan ko a yi bincike, kuma sai an samu kashi biyu bisa uku na dukkan mambobi, ba na waɗanda suka zo zama ranar ba: sanatoci 73 da wakilai 240. In an haye wannan, Alƙalin Alƙalan Ƙasa zai naɗa kwamitin mutum bakwai da ba 'yan siyasa ba, ba ma'aikatan gwamnati ba, su yi bincike cikin wata uku. Idan suka ce zargi bai tabbata ba, magana ta mutu nan take. Idan suka ce ya tabbata, sai a sake neman 73 da 240 ɗin nan karo na biyu.

To don Allah, wanda ya tara 'yan jarida yana ba da wa'adi, ka tambaye shi abu ɗaya: Malam, sa hannun mutum nawa ke aljihunka? In bai iya faɗa ba, ka san surutu ne.

Tarihi ma ya isa shaida. A watan Agusta na 2002, Majalisar Wakilai ƙarƙashin marigayi Ghali Umar Na'Abba ta ba Obasanjo sati biyu ya sauka ko a tsige shi. Wannan ita ce barazana mafi nauyi da aka taɓa yi wa shugaban ƙasa a wannan jamhuriya, kuma ku lura, daga cikin gida ta fito, domin Na'Abba da Obasanjo duk 'yan PDP ne. Sai da tsofaffin shugabanni Yakubu Gowon da Shehu Shagari suka shiga tsakani. Ƙarshe dai Obasanjo ya zarce a 2003, Na'Abba kuma bai koma majalisa ba.

A Yulin 2012, Femi Gbajabiamila, lokacin yana shugaban marasa rinjaye, ya yi barazanar za a fara shirin tsige Jonathan idan ba a aiwatar da kasafin kuɗi ɗari bisa ɗari ba zuwa watan Satumba. Satumba ta zo ta wuce. A Nuwamban 2014, bayan 'yan sanda sun rufe ƙofar majalisa sun harba barkonon tsohuwa, har 'yan majalisa suka riƙa haura katanga don su shiga da Aminu Tambuwal, an sake cewa ana tara sa hannu. Ba majalisa ce ta cire Jonathan ba, akwatin zaɓe ne ya cire shi a 2015.

Zamanin Buhari ma haka. A Afrilun 2018 ta bayyana cewa ya amince a cire dala miliyan 496 daga asusun rarar kuɗin ɗanyen mai don sayen jiragen yaƙi na Super Tucano guda 12 daga Amurka, kafin majalisa ta amince. Sanata Matthew Urhoghide ya miƙe ya nemi a ɗauko sashe na 143. Aka tura maganar kwamiti, ta kwanta a can. A Yulin 2022 sanatocin adawa ƙarƙashin Philip Aduda suka fice daga zaure, suka ba Buhari sati shida ya gyara tsaro ko a tsige shi. Sati shida suka cika, aka shiga kamfen, Buhari ya ƙarasa wa'adinsa ya miƙa mulki ranar 29 ga Mayun 2023.

Ko a Amurka, inda muka kwafo tsarin shugaba mai cikakken iko a 1979, Majalisar Wakilai ta tuhumi Andrew Johnson a 1868, da Bill Clinton a 1998, da Donald Trump har sau biyu, amma Majalisar Dattawa ba ta taɓa samun kashi biyu bisa uku ta cire ko ɗaya ba. Richard Nixon da ya sauka a 1974, sauka ya yi da ya ga manyan jam'iyyarsa sun janye jiki. Darasin a fili yake: shugaba ba ya faɗuwa da ihun 'yan adawa, sai ranar da 'yan gidansa suka sake shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani zai ce, to ai ko ba a tsige shi ba, barazanar tana razana shi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin Obasanjo ya ji jiki a 2002. Amma wancan karon akwai adadi a bayan maganar, shugabannin majalisa da kansu ne suka ja gaba. Barazanar da babu adadi a bayanta illa take yi. Duk wa'adin da aka bayar ya cika ba a yi komai ba, fadar shugaban ƙasa tana koyon cewa majalisar nan haushi kawai take yi, ba ta cizo. Gobe sai a ƙara tsallake wata iyakar, a ga ko za a tanka.

Kuma kada mu ɗauki tsigewa kamar wani magani mai tsarki. Mu 'yan Arewa mun fi kowa sanin yadda ake mayar da ita makami. Ranar 23 ga Yunin 1981, majalisar dokokin tsohuwar Jihar Kaduna mai rinjayen NPN ta tsige Balarabe Musa na PRP, gwamnan da suka hana shi kafa ko majalisar kwamishinoni. A Disambar 2005, mambobi 18 cikin 32 suka haɗu a wani otal a Ibadan suka fara shirin cire Rashidi Ladoja, sai da Kotun Ƙoli ta mayar da shi. An yi wa Peter Obi a Anambra, an yi wa Joshua Dariye a Filato da 'yan tsirarun mambobi, duk kotu ta rushe. Murtala Nyako na Adamawa an cire shi a 2014, kotu ta ce ba a bi ƙa'ida ba bayan wa'adinsa ya riga ya ƙare. Wato a ƙasar nan, wuƙar tsigewa ba ta taɓa yanka na sama ba, na ƙasa take yanka, sau da yawa kuma da hannun na saman a ciki.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Matsalar ikon shugaban ƙasa ita ce kowa yana ƙin sa ne in yana hannun wani, yana kuma son sa in ya zo hannun nasa. A Fabrairun 2014 Jonathan ya dakatar da Gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, 'yan APC suka ce kama-karya, 'yan PDP suka ce ikonsa ne. A Janairun 2019 Buhari ya dakatar da Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen ana saura makonni zaɓe, sai aka yi musanyar baki: masu kuka jiya suka koma tafi, masu tafi suka koma kuka. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Dubi dokar ta-ɓaci. Obasanjo ya dakatar da Dariye a Filato a Mayun 2004, ya ɗora Janar Chris Alli. Jonathan ya sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa a Mayun 2013, amma ya bar gwamnoni a kujerunsu. Ranar 18 ga Maris 2025 Tinubu ya dakatar da Gwamna Siminalayi Fubara da mataimakiyarsa da majalisar dokokin Ribas gaba ɗaya na wata shida, ya naɗa tsohon hafsan sojan ruwa Ibok-Ete Ibas kantoman riƙo. Sashe na 305 ya ce sai kashi biyu bisa uku na kowace majalisa sun amince. Ta yaya aka amince? Da ƙuri'ar murya. Masu eh su ce eh, masu a'a su ce a'a, aka buga guduma. Ni dai ban san kunnen da ke iya ƙirga mutum 73 ko 240 daga hayaniya ba. A ranar ne ya kamata a ga jarumtar masu barazana, a ga wa zai dage sai an ƙirga kai da kai. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Gwamnan Arewa da ya yi shiru ranar, ya sani hanyar da aka bi zuwa Fatakwal tana zuwa gidansa.

Haka batun kuɗi. Sashe na 80 ya hana a taɓa kuɗin gwamnati ba da izinin majalisa ba, dokar Babban Banki kuma ta ce rancen da zai ba gwamnati kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. Duk da haka bashin ya taru har naira tiriliyan 22.7, kuma a Mayun 2023 majalisa ta amince da shi bayan an riga an kashe, aka mayar da shi bashi mai dogon zango. Kakakin Majalisar Wakilai a lokacin shi ne dai Gbajabiamila na 2012. Wannan bashin, mai shayi da mai kabu-kabu suna cikin masu biyansa ta hanyar tsadar kaya.

To mene ne ke aiki? Ga abin da muka gani da idonmu. A shekara ta 2000 majalisa ta tsallake ƙin sa hannun Obasanjo ta zartar da dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta da kashi biyu bisa uku. Ranar 16 ga Mayun 2006 Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta binne tazarce karo na uku, bayan an nuna muhawarar kai tsaye a talabijin, kowane sanata ya san mutanen garinsu na kallonsa. A Yulin 2021, kan batun aika sakamakon zaɓe ta intanet, Sanata Enyinnaya Abaribe ya dage sai kowa ya miƙe ya faɗi matsayinsa. Aka ƙirga 52 da 28, sunaye suka fita, jama'a suka yi caa, zuwa Oktoba majalisar ta sauya matsayi. A 2023 kuma, da canjin kuɗi ya jefa talaka cikin ƙunci, gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara, duk na APC, su suka kai gwamnatin jam'iyyarsu Kotun Ƙoli, ranar 3 ga Maris kotu ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da yawo. Babu ɗaya a cikin waɗannan da aka yi da kiran tsigewa, amma kowanne ya taka wa shugaban ƙasa burki.

Saboda haka ga abin da nake roƙon 'yan uwa a wannan tafiya.

Na farko, mu daina yaɗa barazanar da ba ta da sunaye. Wanda ya ce zai tsige shugaban ƙasa, ya fito da jerin waɗanda suka sa hannu. In babu, mu wuce.

Na biyu, mu matsa wa wakilanmu a kan abin da ke hannunsu. Duk ranar da za a amince da bashi, ko dokar ta-ɓaci, ko gyaran dokar zaɓe, su nemi a ƙirga ƙuri'a da suna. Sashe na 88 da na 89 sun ba su ikon bincike da gayyatar duk wani jami'i. Mu tambaye su sau nawa suka yi amfani da shi, kuma ina rahoton ya tsaya.

Na uku, mu ɗauki zaɓen majalisa da nauyin da muke ɗaukar na shugaban ƙasa. Kullum hankalinmu na kan kujera ɗaya, tikitin sanata da na wakilai kuma a bar wa mai kuɗi ko yaron maigida. Irin waɗannan su ne ke tsallakawa jam'iyya mai mulki wata shida bayan rantsuwa. Sanatoci 37 da ba sa sayuwa sun isa su hana duk wani abu da ke buƙatar kashi biyu bisa uku, matuƙar an ƙirga. Ba a fafe gora ranar tafiya, tun daga zaɓen fid da gwani ake wannan aikin.

Na huɗu, kuma shi ne mai ɗaci: mu nemi alƙawari daga namu ɗan takarar tun yanzu, a bainar jama'a. Zai dakatar da zaɓaɓɓen gwamna? Zai kashe kuɗi kafin majalisa ta amince? Zai bi umarnin kotu ko da bai yi masa daɗi ba? A cikinmu akwai waɗanda suka fito daga PDP, akwai waɗanda suka fito daga APC, kowa ya ɗanɗana zaƙin mulki ya kuma ɗanɗana ɗacin adawa. In har abin da muke nema shi ne mu karɓi bulalar mu ma mu zane wasu, to talaka bai da dalilin da zai bi mu rana ya tsaya a layi. Duk ikon da ka yafe wa naka yau, gobe abokin hamayyarka ne zai gaje shi, kuma da kalamanka na yau zai kafa maka hujja.

Kowa ya duba mazaɓarsa: wa ke wakiltarka a Abuja, kuma ina ya tsaya ranar da aka buga gudumar Ribas? In ba ka sani ba, ka neme shi ka tambaya, ka kawo mana amsar a nan. Allah ya sa mu dace.