Kyamarar kama masu gudu: mu sa ta, amma ta fara da masu jiniya

1/ Jama'a, zare ne mai ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Ni ɗan Kufena ne, ina karatu a Samaru, kusan kullum sai na bi ta Gwargwaje zuwa Kwangila. Jiya muka yi ta musu a aji kan kyamarar kama masu gudun wuce sa'a. Ina goyon bayanta, amma da sharaɗi.

2/ Bari in fara da abin da ya sa maganar take ci min rai. Bara, wata mota ta kwashe ƙanen abokina yana tsallaka babban titi da yamma, an aike shi sayen man gyaɗa. Kafin a isa Shika rai ya yi halinsa. Direban bai tsaya ba. Babu wanda ya iya riƙe lambar motar saboda tsabar gudu.

3/ A wajen zaman makoki kowa cewa yake ƙaddara ce. Na yarda, babu mai wuce kwanansa. Amma ganganci ma akwai shi, kuma wanda ya yi shi mutum ne mai suna da lasisi. Da akwai kyamara a wurin, da yanzu iyayen yaron sun san wanda za su nema a kotu.

4/ Kuma ba a gidansu kaɗai aka yi wannan kukan ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta ce mutum 5,421 suka mutu a kan titunan Najeriya a 2024. Waɗanda aka rubuta ke nan. Mu nan mun san gawa nawa ake ɗaukewa a yi mata sutura kafin jami'i ko ɗaya ya iso.

5/ Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wato mu. Ni da kai da ke karanta wannan a waya, da ƙannenmu.

6/ Ga abin da mutane ba sa son a faɗa: gyaran hanya ya ƙara gudu. Tunda aka shimfiɗa sabuwar kwalta daga Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, direba na ganin titi sumul sai ya danne ƙafa. Da ramuka ke tilasta masa birki. Yanzu babu abin da ke tilasta masa.

7/ Dokar tana nan a takarda fa. A babban titi ƙaramar mota ba ta wuce kilomita 100 a awa, ta haya 90, cikin gari 50. Ka shiga motar haya daga Kawo ka leƙa allon direba. In ka yi magana, fasinjoji ne ma za su fara cewa malam in kana jin tsoro ka sauka.

8/ A ƙarshen Mayun 2025 motar 'yan wasan Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a Dakatsalle, kan wannan hanya tamu. Sama da mutum 20 suka rasu, saura ƙiris su isa gida. Aka yi ta'aziyya, aka ba da kuɗi, aka wuce.

9/ To me ya sa kyamara? Saboda ba ta karɓar na goro. Ba ta da ɗan'uwa, ba ta jin "ka san ko ni wane ne?", ba a kira mata oga a waya. Ta ɗauki lamba, ta rubuta gudu da lokaci, shi ke nan. Jami'in da ke tsaye cikin rana ana iya lallashinsa ko a tsorata shi.

10/ Kuma an gwada an gani. Faransa ta fara kafa irin waɗannan kyamarori a 2003. Mace-macen hanya sun sauko daga sama da 7,000 a 2002 zuwa ƙasa da 4,000 a 2010. Ba kyamarar kaɗai ta yi aikin ba, amma direba ya gane cewa in ya yi, tabbas takarda za ta same shi.

11/ A nan gida Legas ta fara. A farkon 2025 ta sanar da kyamarori a wasu tituna, tarar gudu Naira 50,000. Abokaina da ke adawa suka ce ka gani ko, wata sabuwar hanyar tatsar talaka ce. Wallahi ban ga laifinsu ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

12/ Mun ga yadda aka yi da na'urar taƙaita gudu. A Fabrairun 2017 FRSC ta fara tilasta wa motocin haya sa ta. Direbobi suka kashe kuɗi. Yau ka tambayi kanka, motar haya nawa ka shiga a bana da ta kasa wuce 100? Doka ta zo da zafi, ta huce, ba wanda aka tambaya.

13/ Shi ya sa na ce da sharaɗi. Na farko: ta kama kowa. Wa ya fi kowa gudu a titin Kaduna? Ayarin manya ne, da jiniya, da lambar mota a lulluɓe da baƙar leda. In kyamara za ta ga Golf ɗin ɗan haya ta makance a kan Prado, to a bar kuɗin a sayi magani a asibiti.

14/ Mu ɗalibai muna da tabo a nan. A Nuwamban 2013 wata mota daga ayarin gwamnan Kogi na lokacin, Idris Wada, ta yi karo da motar da ke ɗauke da Farfesa Festus Iyayi, tsohon shugaban ASUU, kusa da Lokoja. Yana hanyar zuwa taron ƙungiyar a Kano. Nan ya rasu.

15/ In farfesa da duk ƙasa ta sani zai tafi a haka, ina ga mai tallan rake a Kwangila? Don haka duk wata a wallafa motocin gwamnati nawa kyamara ta kama, na wace ma'aikata, kuma an biya ko ba a biya ba. Daga aljihun mai motar, ba daga baitulmali ba.

16/ Na biyu: a kafa ta inda ake mutuwa, ba inda za a fi tara kuɗi ba. FRSC na da rajistar wuraren da aka fi yin hatsari. A fito da ita kowa ya gani. A sa allo babba kafin wurin, da Hausa da Turanci. Burin shi ne direba ya rage gudu, ba a yi masa kwanton ɓauna ba.

17/ Na uku: kuɗin tara kar ya bi ta hannun kowa a bakin titi. A biya ta banki, a faɗi abin da aka tara, a kashe shi a kan hanyar: gadar masu tafiya a ƙasa, fitilu, motar ɗaukar marasa lafiya. Kuma wanda aka ci tara bisa kuskure ya san ofishin da zai kai ƙara.

18/ Wa za mu tambaya? Babban titin na gwamnatin tarayya ne. Ɗan majalisar da ke wakiltar Zariya, Tajudeen Abbas, shi ne Kakakin Majalisar Wakilai tun 2023. Titunan cikin gari kuwa na jiha ne, ga Gwamna Uba Sani, ga KASTELEA. Ba mu da uzurin cewa muryarmu ba ta da inda za ta je.

19/ Hanyar Abuja zuwa Kano an ba da kwangilarta tun Disamban 2017. Shekaru muka yi muna tambaya yaushe za a gama, kuma tambayar ta yi amfani. Yanzu mu ƙara ta biyu: mutum nawa suka mutu a kanta bana, kuma me kuka yi don na baɗi su ragu?

20/ 2027 na tafe. Za su zo Kufena da Wusasa da atamfa da taliya. Duk wanda ya zo, a tambaye shi: ka yarda kyamara ta ci motarka tara? Ka yarda ka cire ledar da ke kan lambarka? A ɗauki amsar a waya, a ajiye. Mu ma ai muna da kyamara.

21/ Mu kuma mu gyara namu. Ka daina zuga direba don kana sauri, ki daina yin shiru in yana gudu da ranki. Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, ya kai mu gida lafiya. In kana da wurin da ka san ana yawan kaɗe mutane a Zariya, rubuta sunansa a ƙasa, mu haɗa jerin mu kai musu.